Gwaggo, in karɓi aikin dubu 45 ko Baba ya sayar da fili ya saya mini na gwamnati?

Assalamu alaikum Gwaggo. Ni 'yarki ce daga Zariya, shekaruna 27. Na karanta fasahar ofis da gudanarwa, wato OTM, har na samu babbar difloma ta HND da sakamako mai kyau, na kuma gama hidimar ƙasa shekara biyu da suka wuce, amma har yau ina zaune a gida. Takardun neman aiki da na rubuta ban san adadinsu ba. Sau ɗaya tak aka taɓa kirana, a wani asibiti mai zaman kansa, inda aka zaunar da ni gaban kwamfuta, aka miƙo mini littafin bashin marasa lafiya aka ce in shigar da shi a Excel, manhajar lissafi ta kwamfuta, in fitar da jimilla, sannan aka ba ni bayanan wani taro da aka rubuta da hannu aka ce in mayar da su rahoto, duka cikin minti 30. Gwaggo, da kalkuletar wayata na haɗa lissafin, rahoton kuwa ko rabi ban kai ba lokaci ya cika. Yanzu wata makaranta mai zaman kanta ta ce in zo in riƙe mata ofis a kan naira dubu 45 a wata. A gefe guda kuma wani abokin kawuna ya ce idan aka ba shi naira miliyan 2 zai samo mini gurbi a wata hukumar tarayya, Baba kuwa ya ce a shirye yake ya sayar da filinsa, wanda shi kaɗai gare shi. Ina jin kunyar a ce mai HND tana aikin dubu 45, kuma har na fara tunanin ko kwas ɗin da na karanta ne ya mutu. Ki ba ni shawara.

Wa'alaikumus salam wa rahmatullah, 'yata. Na karanta wasiƙarki har sau biyu, kuma zan fara da maganar filin, domin ita ce wadda idan aka yi kuskure a cikinta babu gyara. Ki samu mahaifinki a lokacin da hankalinsa yake kwance, ki durƙusa ki gode masa, domin ba kowane uba ne zai ɗauko abin da ya tanada saboda tsufansa ya ce a sayar don ɗansa ya samu abin yi ba, sannan ki roƙe shi ya mayar da takardar filin nan cikin akwati ya kulle. Doka ba ta san wani ciniki mai suna sayen gurbin aiki ba, saboda haka wanda zai karɓi kuɗinku ba zai ba ku rasit ba, ba zai sa hannu gaban shaidu ba, kuma ranar da magana ta lalace babu kotun da za ku shiga da ƙafafunku ku ce mun ba da cin hanci an cuce mu. A 2023 wani kwamitin Majalisar Wakilai ya binciki sayar da guraben aiki a hukumomin tarayya, har wasu da suka biya kuɗi suka bayyana gabansa suna kokawa a kan halin da aka bar su a ciki. Ofishin shugaban ma'aikatan tarayya ma ya sha sanar da cewa ya gano masu ɗauke da takardun ɗaukar aiki na jabu, aka cire sunayensu daga tsarin biyan albashi na IPPIS bayan sun riga sun kama aiki. Ko da a ce mutumin nan ya cika alkawari, ke kin san abin da addininmu ya ce a kan mai bayarwa da mai karɓa, kuma albashin da aka aza a kan wannan tubali za ki yi shekara 35 kina cin sa zuciyarki ba ta natsu ba. Idan kawunki ya ji haushi, ki bar manya su yi magana da manya, ke dai kada ki yarda a yi wannan ciniki da sunanki.

Ki kuma ɗauka an biya, an ba ki takarda ta gaskiya, kin je Abuja kin kama aiki. Safiyar farko darakta zai miƙo miki takarda mai rubutun hannu ya ce yana son ta kafin azahar, wato jarrabawar nan da kika faɗi a asibiti ita ce za ta riga ki zuwa sabon ofishin ta zauna tana jiran ki.

Wannan jarrabawa da take ci miki rai, ni a ganina ita ce abu mafi amfani da ya same ki cikin shekara biyun nan, domin sauran wuraren da kika nema shiru suka yi miki, waɗannan kuwa sun nuna miki daidai inda gizo yake saƙa. Ba su tambaye ki ma'anar gudanar da ofis ba, ba su ce ki jero ire-iren tsarin ajiye fayil ba, alhali na tabbata da sun tambaya da kin zubo musu kamar hadda. Aiki suka ba ki irin wanda za ki riƙa yi kowace safiya, sai hannu ya kasa bin abin da kai ya sani. Wanda ya ciro kalkuleta yana zaune gaban Excel, tamkar tela ne da aka ba keken ɗinki ya ture shi gefe ya zaro allura, kuma mai gwada ki daga wannan motsin kaɗai ya gama yanke hukunci tun kafin ki kai ga rahoton.

Ba na ɗora miki laifin duka. Kwas ɗin nan a zamaninmu sunansa karatun sakatariya, kuma ginshiƙansa biyu ne, bugun tafireta da gajeren rubutun nan na gaggawa da muke kira shothan. A 2004 hukumar kula da ilimin fasaha ta ƙasa, NBTE, mai hedikwata a Kaduna, ta sake manhajar, ta canja masa suna zuwa OTM, ta kuma cusa darussan kwamfuta domin a tafi da zamani. Manhajar a takarda ba ta da aibu. Wajen aiwatarwa ne ake samun tangarɗa, domin ɗalibai da dama da na zanta da su sun shaida mini cewa aji cike yake maƙil, kwamfutoci kaɗan ne, wuta kuma sai ta ga dama, ta yadda mutum biyar ko shida za su kewaye na'ura guda, mai ƙarfin hali ya riƙe linzamin kwamfutar, sauran su zama 'yan kallo, ƙarshen zango kuma a rubuta jarrabawar Excel da biro a kan takarda. Shirin SIWES na tura ɗalibai koyon aiki a ma'aikatu, wanda hukumar horar da ma'aikata ta ITF ta ƙirƙiro tun 1973, da shekara guda ta koyon aiki da ake nema tsakanin ƙaramar difloma ta ND da HND, domin cike wannan giɓin aka yi su, amma mu da muka zauna a ofisoshi mun san yadda ake yi da 'yan koyon aiki. A aike su sayo kati ko abinci, a ba su fotokwafi su yi, ranar ƙarshe a buga musu hatimi a littafinsu a ce Allah ya ba da sa'a. Ni kaina na sa hannu a irin waɗannan littattafai ba tare da na zaunar da yaran na koya musu abin kirki ba, kuma har yau ina jin nauyin haka.

Ni ma da takardar shaida mai kyau na fito, da saurin bugu da nake taƙama da shi. A makon farko da na kama aiki a wata ma'aikatar jiha, maigidana ya kira ni ya yi mini shiftar wasiƙa, na ɗauka da shothan, na fita na buga ta da kabon biyu a ƙasa, na kawo masa ina jiran yabo. Ya duba bai ce uffan ba, ya ɗauki jan biro ya kewaye wuri uku. Na manta lambar fayil a sama, na rage wa wanda za a aika wa muƙami, sannan na rubuta cewa ga takarda a haɗe alhali ban haɗa komai ba. Na koma kujerata ina share hawaye da gefen mayafi. Wanda ya cece ni wani dattijo ne akawun rajista da ko sakandare bai gama ba, shi ne ya riƙa zaunar da ni bayan an tashi yana nuna mini yadda ake buɗe fayil, yadda ake sa wa shafuka lamba, yadda ake rubuta shigar takarda da fitarta a littafi domin kada ta salwanta tsakanin tebur da tebur, da yadda ake sa wa fayil ranar da za a sake ɗauko shi don kada magana ta kwana a manta da ita. Duk waɗannan na ci jarrabawarsu a makaranta, amma a hannun dattijon nan na iya su, kuma bai ɗauke ni fiye da wata uku ba.

Kin tambaya ko kwas ɗinki ya mutu. Wani ɓangare na aikin ya mutu, kuma gara ki san wanne ne. Ɗakin masu bugu da kowace ma'aikata take da shi a da, inda mutum goma suke zaune suna buga abin da manya suka rubuta da hannu, ya tafi ba zai dawo ba, domin yanzu manya da yawa da kansu suke rubuta saƙonninsu a waya. Shothan ma, duk da wahalar da kuka sha a kansa, da wuya ki samu wanda zai ƙara miki ko sisi saboda shi. Abin da ya rage, wanda buƙatarsa ba ta ragu ba, shi ne mutumin da zai riƙe tsari, ya san wa ya biya wa bai biya ba, wace takarda ce ta shigo ba a amsa ba, wane alkawari maigida ya ɗauka na gobe, kuma a iya barin sa da maɓalli da sirri a kwana lafiya. Ki dubi makarantu masu zaman kansu da suka cika Zariya da Kaduna da Kano, da asibitoci da ɗakunan gwajin jini, da ofisoshin lauyoyi, da kamfanonin jigilar alhazai da masu umara, da masana'antun Sharaɗa da Bompai da Challawa, har da manyan 'yan kasuwar Kantin Kwari da Singa da Dawanau, waɗanda miliyoyi suke ratsa hannunsu kullum alhali lissafin wasunsu yana cikin littafi mai bangon kwali da kan yaron shago. Ƙungiyoyin agaji da suke aiki a Borno da Yobe da Adamawa su ma suna ɗaukar mataimakan gudanarwa da masu shigar da bayanai. Sai dai kaɗan ne daga cikin waɗannan suke tallata gurbi da sunan sakatare. Yawanci maigida yakan tambayi abokinsa ne ko ya san yarinya mai hankali da ta iya kwamfuta, kuma wadda aka ga aikinta ake ambata, ba a ambaton wadda take zaune a ɗaki.

Saboda haka shawarata ita ce ki karɓi aikin makarantar nan. Na san dubu 45 ba ta kai mafi ƙarancin albashi na naira dubu 70 da aka sa wa hannu a watan Yulin 2024 ba, kuma ba zan ce miki adalci ne ba. Dokar ta cire wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba, don haka ki bincika yawan ma'aikatan makarantar kafin ki zauna ciniki, domin idan sun kai haka kina da abin faɗa. Ki lissafa kuɗin motarki na wata ki ajiye a gaban mai makarantar cikin ladabi, ki roƙi ƙari, ko kuma a yi yarjejeniya cewa za a duba albashin bayan zango guda. Ki nemi takardar ɗaukar aiki mai ɗauke da muƙaminki da albashinki da lokacin tashi, wannan kuwa haƙƙinki ne, domin dokar ƙwadago ta wajabta a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata uku da fara aiki. Ki tabbatar muƙamin da aka rubuta na ofis ne, kada a wayi gari an tura ki riƙon aji uku saboda malamar ta haihu, daga nan kuma a manta da ke a can. Ki kuma tambaya tun yanzu ko ana biyan albashi lokacin dogon hutu, domin wasu makarantun ba sa biya, kuma ba sa faɗa sai watan Agusta ya kama.

Maganar kunya kuwa, 'yata, albashi ba a rubuta shi a takardar neman aiki, amma giɓin shekara biyu duk mai dubawa yana gani, kuma idan ya zama uku ko huɗu tambayar da za a yi miki a kansa ta fi ta yau zafi. Ofishin makaranta, duk ƙanƙantarsa, da wuya a samu nau'in aikin ofis da ba ya ratsa shi. Akwai lissafin kuɗin makaranta da na masu bashi, wanda shi ne ainihin abin da asibitin nan ya gwada ki a kai, sunan marasa lafiya ne kawai ya koma na ɗalibai. Akwai wasiƙu zuwa ga iyaye, da rahoton taron iyaye da malamai, da jadawalin albashi, da sakamakon jarrabawa na kowane zango, da rajistar WAEC da NECO da ake yi ta intanet, inda harafi guda da aka kuskure a sunan yaro zai bi shi har jami'a. Akwai kuma uban da zai shigo yana faɗa a kan an koro ɗansa, wanda ke za ki tarbe shi ki ba shi kujera ki sauke shi kafin ya ga shugaban makaranta. Wannan horon da za ki je neman sa a wata cibiya ke za ki biya, a nan kuwa ke za a biya, ko da kaɗan ne.

Kada ki jira ranar fara aiki kafin ki fara gyaran hannunki. Idan mahaifinki yana son ya taimaka, ɗan kaso kaɗan na abin da mutumin can ya nema zai saya miki kwamfutar tafi-da-gidanka ta hannu, ba tare da an taɓa fili ba. Idan hakan bai samu ba, ga shagunan buga takardu nan a Samaru da Kongo, ki samu guda mai mutunci ki ce za ki taya su aiki kyauta na awa biyu a lokacin da ɗalibai suke kawo kundin kammala karatu, ba na jin za su ƙi. Ki fara da bugu da yatsu goma ba tare da kallon maɓallai ba, rabin awa kullum, har ki kai kalma 40 a minti guda babu kuskure mai yawa. Makon farko za ki ji kin fi sauri da yatsu biyunki na da, ki daure kada ki koma. A Excel kuwa kada ki ruɗe da yawan abin da yake ciki, domin abin da ofis yake nema a wurinki bai taka kara ya karya ba: ki iya sa shi ya haɗa jimilla da kansa, ya jera sunaye bisa harafi, ya tace miki masu bashi kawai, ya ɗauko bayanin mutum daga wani shafi idan kin ba shi lambarsa, ya kuma taƙaita dogon lissafi a ɗan tebur guda. A Word, manhajar buga rubutu, ki koyi haɗa wasiƙa guda da jerin sunaye, ta yadda iyaye 300 kowa zai samu tasa da sunansa da abin da ake bin sa, aikin da wata za ta kwana biyu tana yi ke ki gama shi kafin a tashi tara.

Rubuta rahoton taro shi ne ya fi wuya, domin ba na'ura ce take yin sa ba, kunne ne da hankali. Kuskuren masu farawa shi ne su ce sai sun rubuta duk abin da aka faɗa, alhali abin da ake nema shi ne waɗanda suka halarta, maganar da aka tattauna, matsayar da aka cimma, wanda aka ɗora wa aiwatarwa, da ranar da zai kawo bayani. Ki roƙi kwamitin Islamiyyar unguwarku ko ƙungiyar adashen mahaifiyarki su bar ki ki riƙa rubuta musu, sau ɗaya da Hausa, sannan ki juya shi zuwa Turanci. Ki koyi buga Hausa daidai da ƙ da ɗ da ɓ, domin masu neman wanda zai rubuta sanarwa cikin harsunan biyu ba tare da kwaɓa ba suna da yawa, masu iyawa kuwa ba su kai yadda ake zato ba. Turancin wasiƙa kuma ki ba shi haƙƙinsa, ki nemi tsofaffin wasiƙun da suke fayil ɗin makarantar ki ga yadda aka tsara masu kyau daga cikinsu.

Abu guda ne na'ura ba za ta koya miki ba, kuma shi ne yake ɗaga sakatare ko ya kayar da shi. Za ki san albashin kowa, za ki san uban da ya kasa biyan kuɗin 'ya'yansa, za ki ji abin da mai makaranta ya faɗa a kan malamin da za a sallama. Ranar da ɗaya daga cikin waɗannan ya fita ta bakinki, ko da a ɗakin mahaifiyarki ne, sai ya zagayo, kuma garin nan ƙarami ne ga mai neman shaidar aiki.

Ban ce ki cire rai da aikin gwamnati ba. Hukumar ɗaukar ma'aikata ta tarayya da ta jiha sukan buɗe shafin neman aiki, cike shi kyauta ne, kuma sau da yawa jarrabawar a kwamfuta ake yin ta, wadda a lokacin ta zama abokiyar zamanki. Ki riƙa nema kina kan aikinki. Idan kin ga HND tana neman taka miki birki wajen ƙarin girma, ana yin difloma ta gaba da digiri a jami'a, daga nan a wuce digiri na biyu, amma wannan magana ce ta gaba, kada ki tara wata takardar a kan wadda ba ki fara cin moriyarta ba. Takardar bayanin kanki kuma ki sake ta bayan wata shida, ki mayar da ita shafi guda, ki cire jerin kyawawan halaye da kowa yake kwafa, ki rubuta abin da kika yi da adadinsa, misali ɗalibai nawa kika riƙe wa lissafi da taro nawa kika rubuta wa rahoto.

Kafin nan, a daren yau ki ɗauki littafi ki ƙirƙiri sunaye 50 da kuɗin da ake bin kowannensu, ki kuma rubuta bayanan wani taro da hannu kamar yadda aka ba ki a asibitin, ki ajiye su. Duk ranar Asabar ki ɗauko su ki zauna gaban kwamfuta, ki sa agogo, wayarki kuma ki bar ta a wani ɗaki. Idan zangon farko ya ƙare ki rubuto mini ki gaya mini minti nawa suka ɗauke ki, da abin da mai makarantar ya ce a kan ƙarin albashin. Ki gaishe mini da mahaifinki da kyau.

Gwaggonki.